Mai Rubuta Manhaja da Manomin Watari



An nemi mu yi magana a kan sana'ar rubuta manhaja, watau tsara wa kwamfuta umarni daki-daki har ta yi aikin da ake so, da kuma abin da muka tsinta a cikin wannan sana'a tun daga ranar da muka soma ta zuwa yau. Mu da ke gabanku ɗalibai ne 'yan ƙalilan daga ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, a ƙasar Bagwai da Bichi, kuma har yanzu babu wanda ya karɓi takardar digiri a cikinmu. Saboda haka ba za mu yi muku bayanin da malamanmu suka fi mu iyawa ba. Abin da za mu kawo shi ne abin da ba safai ake samunsa a littattafan da aka rubuto daga Amurka da Ingila ba, domin Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ga wanda bai san wurin ba, an gina madatsar Watari tsakanin 1977 da 1980 a kan kogin Watari, wanda ke gangarawa ya haɗu da Challawa. Tana cikin jerin madatsun da Jihar Kano ta ɗauko ginawa tun zamanin Gwamna Audu Bako, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 100. Daga gare ta aka ja hanyoyin ruwa zuwa gonakin rani, inda iyayenmu ke noman shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, ba daji ba saura, irin ƙasar nan da masanin nan Michael Mortimore ya yi ta nazari a kanta a kewayen Kano tun daga shekarun 1960. Gonakin ƙanana ne, gado ya rarraba su, kuma kowane taku na ƙasa da mai shi. Duk wanda zai rubuta manhaja domin mutanen irin wannan wuri, tilas ya san wannan kafin ya taɓa kwamfuta.

Kafin mu shiga cikin bayani, akwai wata magana da muke so mu kawar, watau cewa wannan ilmi baƙo ne a gare mu ɗungum. Na'urar baƙuwa ce, wannan gaskiya ne. Amma kalmar algorizim, wadda ita ce ginshiƙin sana'ar, daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi aka samo ta, malamin lissafi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Har ila yau a nan kusa da mu an yi Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ya rubuta ƙa'idoji ne na bi-da-bi: ajiye wannan lamba a nan, ka matsa gida kaza, in ka tarar da gidan a cike ka yi kaza. Wanda ya iya tsara magana haka, ya riga ya iya rabin aikinmu.

Shi ya sa manhajar farko da muka rubuta wadda za a iya kira manhaja, ta gina hatimi ce, kuma lissafin kawai muka ɗauka, sauran abin da ake yi da hatimi mun bar wa masu shi. Ga ɗaya daga cikin hanyoyin da aka sani, don wanda yake so ya gwada yau da dare. A zana gidaje tara, uku sau uku. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kowace lamba ta gaba sai ta hau sama gida ɗaya, ta matsa dama gida ɗaya. In ta fita ta sama sai ta shigo ta ƙasa, in ta fita ta dama sai ta shigo ta hagu. In kuwa ta tarar da gidan a cike, sai ta sauka ƙarƙashin lambar da aka ajiye ta ƙarshe. Za a sami 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, kuma ta ko'ina aka haɗa 15 ne. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, umarnin nan da bai wuce layi goma sha biyu ba, da muka canja 3 zuwa 5 sai ga hatimi mai gidaje 25 wanda kowane layinsa 65 ne, da muka sa 7 sai ga mai gidaje 49 da jimlar 175. A wannan 'yar manhaja akwai maimaitawa, akwai sharaɗi, akwai kula da gefe inda lissafi ke zamewa. Wanda ya fahimce ta sarai, ba zai sha wuyar darasin shekarar farko ba.

Yawancinmu ba mu taɓa zama gaban kwamfuta da gaske ba sai da jarrabawar shiga jami'a ta tilasta mu, tun da JAMB ta mai da ita ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Koyon rubuta manhaja kuwa a kan waya muka soma shi, musamman a watanni takwas na yajin aikin malaman jami'o'i a 2022, lokacin da kowa yana gida. Akwai manhajoji irin su Termux da ke ba mutum damar rubuta harshen Python a wayar Android, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991, wanda shi muke ba mai farawa shawara ya kama domin rubutunsa a sarari yake. Rubutu da babban yatsa a kan ƙaramin gilashi akwai gajiya, amma ya koya mana wata ɗabi'a da har gobe ba za mu bari ba. Sai mun rubuta abin a takarda, mun bi shi da fensir layi-layi kamar mu ne kwamfutar, sa'an nan mu buga. Waɗansu abokanmu da suka tashi da kwamfuta a gida sukan buga, su gwada, su goge, su sake bugawa har dare ya raba, ba tare da sun tsaya sun tambayi kansu abin da suke nema ba. Rashin caji ya hana mu wannan almubazzaranci.

Aikinmu na farko da wani ya dogara da shi ya zo ne daga wata ƙungiyar manoman rani ta wajenmu. Ma'ajinsu dattijo ne, yana da babban littafi mai baƙar bango inda yake rubuta wanda ya karɓi taki bashi, da buhu nawa, da wanda ya biya kuɗin ruwa, da wanda ake bi. In kaka ta yi aka zo lissafi, sai a kwana biyu ana musu. Abin da suka nema bai wuce a ce wayar ma'aji ta riƙe wannan lissafi ba. Shawarar da za mu ba duk wanda aka kawo wa irin wannan aiki ita ce ya ajiye kwamfutarsa, ya je ya zauna kusa da mai littafin, ya kalli yadda yake aiki. Mun yi kwanaki muna karanta littafin nan. A cikinsa muka ga alamomin da dattijon ya ƙirƙira da kansa, ɗigo biyu ga wanda ya biya rabi, zagaye ga wanda ɗansa ya karɓa a madadinsa, da 'yar ajami a gefe inda boko ya gaza masa. Kowace alama buƙata ce wadda da baki ba zai tuna ya faɗa mana ba.

Abu na farko da littafin ya koya mana shi ne batun suna. A shafi guda akwai Muhammadu Sani huɗu. Ɗaya an rubuta shi Mamman a wani wuri, ɗaya Muhammad, ɗaya kuwa duk garin da laƙabinsa aka san shi, in ka kira sunansa na yanka ba wanda zai waiwayo. Don haka kada mai rubuta manhaja ya kuskura ya mai da suna shi ne abin da ke bambanta mutum da mutum a rumbun bayanai. A ba kowa lamba tasa wadda ba ta canjawa, sa'an nan a buɗe gurbin laƙabi, da na unguwa, da na sunan mahaifi. Lambar waya ma ba ta isa shaida ba, gama a gida ɗaya mutum uku na iya amfani da waya ɗaya, kuma layi yakan ɓace a sayi sabo. Sa'an nan lambar waya rubutu ce, kada a ajiye ta a matsayin adadi, domin kwamfuta na ganin adadi ya fara da sifiri sai ta jefar da sifirin, lamba mai rukuni 11 ta koma 10. Haka kuma takardun cikewa da aka kwafo daga Turai sukan tilasta mutum ya sa sunan dangi, alhali mu sunan uba muke sawa ko sunan gari, mata kuwa wata ta sa na uba, wata ta sa na miji.

Daga nan sai wata 'yar alama da ba ta kai ƙwayar gero ba, amma ta hana mutane da yawa shiga rajista, watau alamar hamza da ke cikin Sa'adu da Mu'azu da Isma'ila da Asma'u. A harshen SQL, wanda da shi ake magana da rumbun bayanai, wannan alama ita ce ke nuna farkon rubutu da ƙarshensa. In mai manhaja ya ɗauki abin da mutum ya buga ya liƙa shi kai tsaye a cikin umarni, to da an zo kan hamzar Mu'azu sai rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a Mu, ragowar kuwa ya ɗauke ta umarni ne, ya rasa gane ta, aiki ya tsaya. Kowa a zauren nan ya san wani wanda ya koma rubuta Muazu ko Saadu don wani shafin intanet ya ƙi karɓar sunansa. Abin da ya kamata ku sani shi ne, ƙofar da ta hana Mu'azu shiga, ta nan ɓarawo ke shiga. Wanda ya gane cewa hamza na karya umarnin, yana iya buga nasa umarnin a gurbin suna, ya kwashe bayanan mutane ko ya share su. Maganin kuwa tsoho ne, kowane harshe yana da shi: a aika umarni daban, a aika abin da mutum ya buga daban, rumbun ya haɗa su da kansa. Mun mai da shi al'ada, duk manhajar da muka gama, sunan farko da muke gwada ta da shi Mu'azu ne.

To, sai haruffanmu masu ƙugiya. Tsarin ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 yana da gurbi 128 ne kacal, kuma ba a yi shi da mu a zuciya ba. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke aikin talifi a Zariya, amma da kwamfuta ta zo sai muka koma rubutu kamar ba mu da su. Yanzu wannan uzuri ya ƙare. Tsarin Unicode ya ba kowannensu lamba tun a shekarun 1990, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y, kuma duk manhajar da aka gina a kan UTF-8 za ta ɗauke su lafiya. Ba ƙawa ba ce. Kaya daban, ƙaya daban. Kara daban, ƙara daban. Wanda ya kasa biya ba shi ne wanda ya ba da ƙasa ba. Sai dai akwai tarko biyu. In aka bar kwamfuta ta jera sunaye da kanta, lambar harafi take bi, sai a tarar da Ɗanladi ya faɗa can ƙasan Zubairu. Akwai jerin haruffan Hausa a shirye a cikin ma'ajiyar Unicode, sai dai a gaya wa manhaja ta yi amfani da shi. Tarko na biyu a wajen nema yake. Ma'aji zai buga Danladi ba ƙugiya, domin wayarsa ba ta da harafin a kusa. A ajiye sunan da ƙugiyarsa, amma wajen nema a sa manhaja ta ɗauki d da ɗ a matsayin abu guda.

A nan ne muka ci karo da wata matsala wadda har yanzu ba mu daina gardama a kanta a tsakaninmu ba. Ƙungiyar ta so a riƙa aika wa manoma saƙon tes na tunatarwa. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 matuƙar duk haruffan suna cikin jerin da aka yi wa wayoyin GSM. Da harafi ɗaya ya fita daga jerin, ko ƙ ne, ko alamar Naira, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kawai. Ke nan ƙugiya ɗaya na iya mai da saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuma daga asusun manoma za a biya. Waɗansunmu suka ce a rubuta Hausa daidai ko nawa ne, waɗansu suka ce kuɗin ba namu ba ne da za mu yi kishin harshe da shi. Abin da muka tsaya a kai shi ne mu gajarta saƙon ya shiga cikin 70 da ƙugiyoyinsa, mu rubuta Naira da baƙaƙe. Da muka zauna yin haka sai muka ga ashe rabin abin da ake cusawa a saƙo gaisuwa ce da maimaici, kuma manomi ba abin da yake so ya gani sai nawa ake binsa da ranar biya. Duk da haka ba za mu ce mun raba gardamar ba, domin akwai saƙon da ba ya gajartuwa.

Batun kuɗi gajere ne amma kada a yi wasa da shi. Duk wanda ke da Python a wayarsa ya buga 0.1 a tara da 0.2, zai ga amsa 0.30000000000000004. Ba lalacewa wayar ta yi ba. Kwamfuta da sifiri da ɗaya take ƙirga, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a wannan ƙirga, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa a namu. Ɗan wannan rara in ya taru a lissafin mutum ɗari, sai jimla ta ƙi daidaita, kuma a ƙauye in jimla ta ƙi daidaita ba kwamfuta za a zarga ba, ma'aji za a kira ɓarawo. A ajiye kuɗi da kwabo, cikakken adadi ba gutsure, sai wajen nunawa a raba da 100. Ko Paystack, kamfanin da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, da kwabo yake karɓar adadi daga masu manhaja, ko da yake kwabon ya daɗe da ɓacewa a kasuwa.

Awo ya fi kuɗi wuya. Littafi zai ce maka kilo, amma manomi da tiya da mudu da buhu da kwando yake magana, kuma buhun shanshera ba nauyinsa ɗaya da na masara ba, kwanon awon wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na Dawanau ba. Kada a binne adadin tiyar da ke cikin buhu a cikin manhaja kamar wani abu da aka saukar. A bar shi a fili inda ma'aji zai iya canjawa, kuma a ajiye abin da mutum ya faɗa yadda ya faɗe shi. Haka ita ma gona. Mai gona daban, mai nomanta daban. Akwai gado, akwai aro, akwai haya, akwai jingina, kuma gonar da wani ya noma da damina wani ne zai yi rani a cikinta. Manhajar da ta ɗauka kowane manomi gona ɗaya gare shi, kowace gona manomi ɗaya, za ta ɗora wa marayu bashin takin da ɗan haya ya ci.

Game da hanyar sadarwa, muna da darasi daga abin da ya faru a ƙasa baki ɗaya. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan aikin gona, gwamnatin tarayya ta fito da tsarin raba taki ta wayar hannu, inda manomin da ya yi rajista zai sami saƙo ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tunani ne mai kyau, ya kuma rage hannun 'yan tsakiya. Amma ɗaya daga cikin koke-koken da aka fi ji shi ne na rashin sabis a ƙauyuka, manomi ya zo wurin rabo saƙo bai shigo ba, ko na'urar mai rabo ta kasa tabbatar da shi. Wanda ke zaune a Abuja ko Legas yana ɗauka intanet kamar iska ce. Mu a wajenmu kamar ruwan rani take, ana sako ta ana ɗaukewa. Saboda haka manhajarmu a cikin wayar take ajiye kome, a rumbun SQLite wanda ke cikin kowace wayar Android, sai an sami sabis ta aika kwafi waje. Kuma kowace shigarwa tana da lambarta tun daga wayar, domin in sabis ya yanke mutum ya danna sau biyu, kada a rubuta masa bashi biyu. Wanda ya ga yadda aka sha fama da tura kuɗi a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, ya san abin da muke nufi.

Kwanan wata kuwa a rubuta shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, domin 03/04 a wajen Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wajenmu 3 ga Afrilu. In za a nuna watan Musulunci, a bar wa mai amfani damar ƙara kwana ɗaya ko ragewa, tun da yake a ƙasar nan sai Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata, lissafin na'ura ba ya yanke hukunci.

Ga 'yan'uwa masu koyo, akwai waɗansu ɗabi'u na yau da kullum da suka fi kowace dabara amfani. Ku koyi Git tun da wuri, watau manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don adana tarihin aiki. Ba ta bukatar intanet, kuma a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, mutum ya riƙa adana aikinsa duk sa'ad da ya gama ɗan yanki, da bayanin abin da ya canja. Ku sauke littafin bayanin harshen da kuke koyo ya zauna a na'urarku. In manhaja ta tsaya ta fito da jan rubutu, ku karanta shi har ƙarshe kafin ku kira kowa, domin galibi ta faɗi layin da abin ya faru. Ku ba abubuwa sunan da za ku gane bayan wata shida. Ba laifi ba ne mutum ya sa wa abu suna bashin_taki in shi da abokan aikinsa Hausa suke ji. In kuma abu ya cije, ku sami wani ku yi masa bayaninsa da Hausa tun daga farko, ko da ƙanenku ne da bai san kome a kai ba. Sau da yawa kafin a kai ƙarshen bayani an ga inda gizo ke saƙar.

Ba za mu tsallake batun ƙirƙirarriyar basira ba, tun da daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito babu ɗakin kwanan ɗalibai da ba a amfani da irinsa. Muna amfani da su, suna kuma rage wahala ƙwarai wajen bayanin abin da ya shige duhu. Amma mun ga ɗalibin da ya kawo aiki mai layi ɗari biyu, aka nuna masa layi ɗaya aka ce me wannan ke yi, ya tsaya yana kallon rufi. Ƙa'idarmu ita ce kada layi ya shiga aikinmu sai wanda ya sa shi zai iya bayaninsa. Kuma na'urar daga rubutun wasu ƙasashe ta fi koyo. In ba ka gaya mata ba, ba za ta san jingina ba, ba za ta san Muhammadu Sani huɗu ne a shafi guda ba.

In aka tambaye mu ranar da muka fi jin mun taka wani mataki, ba ranar da manhajar ta fara aiki ba ce. Ranar da aka yi lissafin ƙarshen rani ne, ma'aji ya karanto wa kowa abin da ake binsa daga wayarsa, aka gwada da littafi ya yi daidai, aka tashi kafin la'asar, mu kuwa muna nan makaranta ba wanda ya kira mu, sai daga baya muka ji labari. Littafin nan mai baƙar bango har yanzu yana nan ana rubutu a cikinsa, mu ne ma muka roƙa kada a bar shi, domin waya na faɗawa ruwa.

Yanzu sai ku yayyenmu ma'aikata. Yawancinku ba za ku rubuta manhaja ba, amma ta teburinku takardun kwangilarta za su bi, ku ne za a ce ku duba ku sa hannu an gama aiki. Muna roƙonku kafin ku sa hannu ku zauna gaban abin da kanku. Ku buga Mu'azu, ku buga Ɗanladi, ku nemi shi ba ƙugiya ku ga ko zai fito. Ku kashe intanet ku ga abin da zai faru. Ku tambayi ɗan kwangila a ina bayanan mutane za su zauna, wa ke da mabuɗinsu, kuma in ya tafi wa zai iya gyara, domin ofis da yawa sun biya kuɗin manhaja ba a ba su asalin rubutunta ba, suka zama bayin wanda ya rubuta. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, kuma sunan manomi da lambar wayarsa da bashin da ake binsa suna cikin abin da dokar ta ce a tsare. Wannan gwaji duka ba zai ci muku rabin awa ba.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne mutanen da boko bai isa gare su ba. Da yawa daga iyayenmu ajami suka fi karantawa, kuma Unicode ya riga ya ɗauki haruffan rubutun Warshu irin na allunanmu, akwai ma salon rubutu na kwamfuta mai suna Alkalami da aka zana bisa hannun malaman Kano. Muna so rasit ɗin da ake ba manomi ya fito da boko da ajami gaba ɗaya. Iyayenmu mata masu sayen shanshera su turara su sayar kuwa, da yawansu sai dai murya, don haka muna neman hanyar da waya za ta karanta wa mutum lissafinsa da Hausa. A nan muna bukatar 'yan sashen Hausa da na Larabci fiye da 'yan sashenmu, musamman wanda ya yi karatun allo ya san yadda ake rubuta ɓ da ɗ da ƙ da tsa a ajami, domin mun tarar hannu ya bambanta daga malami zuwa malami. Wanda ke da sha'awa ya tsaya bayan an tashi mu yi magana.

Shugaban taro, mun ga ana nuna mana agogo.